Golf, Clio ko Civic: wacce ce ke riƙe hanya a kwaltar Lome?

Gardamar ƙananan motoci masu zafi ba ta ƙarewa a majalisun samarinmu na Cacavéli da Agoè-Zongo. Wannan ya ce Golf GTI, wancan ya ce ai Civic Type R ta shanye ta, na uku ya jawo waya ya nuna bidiyon wani Bature yana wulla Clio a kwana har ta ɗaga ƙafar baya ɗaya sama. Kusan dukansu ƙarfin doki suke ƙirgawa. Ni da na yi shekaru ina ɗauko motoci daga filayen da ke kusa da tashar jiragen ruwa ina haurawa da su arewa, ra'ayina daban ne. A nan Lome motar da ta fi riƙe hanya ita ce wadda ke yafe wa direba kuskurensa, kuma rabin wannan yafiyar yana cikin taya da shokazoba, wuraren da mai saye bai cika leƙawa ba.

Bari in fara da abin da ya haɗa su. Duka motocin nan masu jan gaba ne. Inji a gaba, giya a gaba, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin motar yana kan tayoyin gaba guda biyu. Su ke juyawa idan ka murza sitiyari, su ke ja idan ka taka totur, su ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Wurin da kowace taya take taɓa kwalta kuwa bai wuce tafin hannunka ba. Idan ka shiga kwana da gudu ka kuma ƙara wuta, ka ɗora mata aiki biyu lokaci ɗaya, sai ta saki ɗaya: kana murza sitiyari, hancin motar yana zarcewa waje kamar jakin da ya ƙi linzami. Maganin wannan da sauƙi. Ka sassauta ƙafa daga totur, nauyi ya dawo gaba, tayoyin su sake kama ƙasa. Abin da kowa ma zai yi ke nan in ya tsorata, ko ba a koya masa ba.

To, abin tambaya shi ne me bayan motar zai yi a daidai wannan lokacin. Nauyin da ya dawo gaba ai daga baya ya taso, tayoyin baya sun yi sakayau. A wata motar bayan zai biyo ka a natse. A wata kuma zai zame, ya nemi ya riga hancin fita daga kwanar. Nan ne duk bambancin yake, kuma nan ne nake rabuwa da mujallun Turai. Su direbansu shi ke zaɓen lokacin da zai ɗaga ƙafa, don ya sa wutsiyar motar ta taya shi juyawa, a kan hanyar da aka share aka rufe. Kai da ke zagaya shataletalen GTA ko kake sauka daga gadar Agoè, ɗan zemijan ne zai zaɓa maka lokacin. Ko yaro ya ɓullo daga bayan tirela, ko rami, ko yashin da ruwan Yuni ya kwaso ya shimfiɗa a bakin kwana. Za ka ɗaga ƙafa da ƙarfi, ba shiri, sitiyari a murɗe.

Peugeot 205 GTI ita ce uwar masu wutsiyar nan. Ta fito a 1984 da inji 1.6 mai doki 105, daga baya aka kawo 1.9 mai doki 130, duka nauyinta bai kai kilo 900 ba. Manyanmu da suka taɓa ta har yau suna maganarta kamar tsohuwar budurwa, kuma ba na ganin laifinsu. Sitiyarinta yana gaya maka komai, har tsakuwar da taya ta taka kana jin ta a hannu. Amma a Turai ma an san ta da juyewa da mutum idan ya saki totur a tsakiyar kwana. Ba jakar iska, ba na'urar da za ta gyara maka zamewa, ƙarfen jikinta kuma siriri ne. An daina yin GTI ɗin tun 1994, saboda haka wadda za ka gani yanzu ta haura shekara 30. Mota ce ta ajiya da fita ranar Lahadi, ga wanda ya iya.

Wadda samari suka fi samu ita ce ƙanwarta 206, musamman S16 da RC mai doki 177 da ta fito a 2003. Sabuwarta tana da daɗi. Sai dai duk makanikin da ya san Peugeot ya san ciwon gidan: ƙafar baya, abin da muke kira train arrière. Kowace tayar baya tana rataye ne a hannun ƙarfe da ke juyawa a kan ƙananan boris. Idan roba ta tsufa ruwa ya shiga, boris ya yi tsatsa ya cinye sandar da yake kai. Ka tsaya bayan motar ka duba: in ka ga tayoyin sun karkato ciki daga sama sun buɗe daga ƙasa, aikin ya riga ya gama. Mota mai irin wannan ƙafa, bayanta yana da nasa sitiyarin da ba ya shawara da kai. A miƙaƙƙiyar hanya za ka ji tana ɗan lilo, a kwana kuwa sai abin da Allah Ya yi. Yanzu ka tuna yadda lungunanmu ke cika da ruwa daga Afrilu zuwa Yuli, mota tana iyo a ciki safe da yamma. Gyaran yana yiwuwa, ana sauya boris da sandar ko a sauya ƙafar dungurungum, amma kuɗinsa ya kamata ya fita daga farashin motar tun a wurin ciniki. Dillali ba zai tuna maka ba.

Clio ta Renault Sport, 172 da 182, ita ce na fi jin daɗin tuƙawa a cikinsu duka, ba na ɓoyewa. Inji lita 2 a cikin ƙaramin jiki da bai wuce kilo 1,100 da wani abu mai yawa ba. Na taɓa hawa da ɗaya daga Kpalimé zuwa dutsen Kloto da sassafe, hanya ba kowa, kwana na bin kwana. Inda ka kalla nan take zuwa. Amma ina sauka na ce wa mai ita kada ya ba ƙaninsa makulli. Wannan ɗaga ƙafar bayan da ake nunawa a bidiyo alama ce ta yadda aka ɗaure bayanta da ƙarfi don ya riƙa taya gaba juyawa. A busasshiyar kwalta mai santsi abin sha'awa ne. A kan pavé da ya jiƙe, da tayar gwanjo a baya, kana buƙatar hannu mai sauri da zuciyar da ba ta firgita, kuma wannan ba a saye shi tare da mota.

Sai Golf. Ta farko ta 1976, doki 110 a kan kilo 810, ita ta buɗe wa sauran hanya. Golf 3 da Golf 4 masu tambarin GTI sun yi ƙiba sun yi sanyi, sunan ne kawai ke sayar da su, ba zan ɓata lokacinku a kansu ba. Golf 5 GTI ta 2004 ce ta dawo da martabar gidan: inji lita 2 mai turbo, doki 200, kuma aka sauya mata ƙafar baya, kowace taya da nata hannuwan, ta yadda ramin da ya bugi ta dama ba ya girgiza ta hagu. Ta fi Clio nauyi, ta haura kilo 1,300, ta fi ta tsawo tsakanin tayar gaba da ta baya. Idan ka wuce iyaka hanci ne ke fara zarcewa, a hankali, da gargaɗi. Ka ɗaga ƙafa, ta koma layi, baya yana biye. Tana kuma da ESP, na'urar da ke lura idan mota ta fara zamewa ta taka birkin taya ɗaya tak don ta miƙar da ita, kafin kai ka ma gane me ke faruwa. Tarayyar Turai ta wajabta na'urar a kan duk sabuwar mota tun Nuwamba 2014, kuma ba don ado ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce Golf motar dattawa ce da ta sa kayan samari, ba ta sa jini ya motsa. Wannan bai dame ni ba. Akwai dai wata magana da ta fi wannan nauyi, kuma gaskiya ce: Golf tana ɓoye gudu. A Clio ko 205, in ka kai 100 motar tana ihu, kana jin tsoro, tsoron kuma yana tsare ka. A Golf 5 kana 140 a kan babbar hanyar kewaye da ta taso daga tashar jiragen ruwa, kana hira kamar kana 80. Lissafin kuwa ba ya sauyawa don mota ta yi shiru. A gudun 100 kana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata ya ninka sau huɗu. Na yarda da wannan duka. Amma in an ba ni zaɓi tsakanin motar da ke ruɗar direba da natsuwarta da wadda ke juye masa baya ran da ya firgita, ta farko zan ba ɗana. Ita allurar gudu tana gabansa, zai iya dubawa. Wutsiyar da ta zame ba ta ba shi lokacin duba komai.

Civic Type R ta 2001, wadda aka ƙera a Swindon ta Ingila, mai sandar giya a jikin dashbod, ita samari suka fi yi wa kirari. Injinta abin girmamawa ne, doki 200 ba turbo, kuma yana da juriya. Sai dai ƙarfin nata yana can sama, sai allura ta kusa 6,000 kafin ya farka. Ina tambaya, tsakanin Cacavéli da Asigame, a ina za ka kai allura 6,000? In ka kai, a gaban wa? A ƙasa da haka Civic ce kawai mai taurin ƙafa, kowane tudun rage gudu sai ka ji shi a ƙashin baya. Sitiyarinta na lantarki ne, ba ya ba da labari sosai, kuma a jiƙaƙƙiyar hanya in ka taka wuta kana fita kwana, tayar ciki sai ta yi ta juyawa a banza. Corolla T-Sport ta 2002 ma haka take, doki 192 da ke ɓoye sama da 6,000, injin da Lotus ta ɗauka ta sa a Elise. Jikin kuwa na Corolla ne, yana kwanciya a kwana, ba ya ruɗar kowa. Amfaninta shi ne kayan ƙafarta ba sa wahalar samu a garin da Toyota ta cika.

Akwai wadda ba a cika ambata ba, Suzuki Swift Sport ta farko, inji 1.6, doki 125. Samari suna raina ta saboda lambar. Ni kuwa ina ganin ita ce ta fi dacewa da wanda wannan ce motarsa ta farko mai zafi. Ba ta da nauyi, tana sauya hanya da sauri idan kana kauce wa babur, ƙarfinta bai isa ya fizge sitiyari daga hannunka ba, kuma za ka ji daɗinta a gudun da in ka yi kuskure za a kai ka wurin mai gyaran bodi maimakon asibiti. Mini Cooper S tana da kaifi, amma taurinta da tsadar kayanta sun sa ba na shawartar kowa a kanta a nan. Fiesta ST ta 2013 Turawa sun yaba ta ƙwarai, ita ma 'yar gidan masu wutsiya ce, sai dai tana da ESP da ke riƙe ta.

Duk wannan da na faɗa, a kan motoci masu lafiya nake magana. Abin da ke sauka daga jirgi kuwa wani abu ne daban. Renault ta kai Mégane R.S. Trophy-R filin Nürburgring na Jamus a 2019 ta zagaya shi cikin minti 7 da daƙiƙa 40, samari suna haddace wannan lamba kamar karatu. Sabuwar mota ce, sababbin tayoyi, ƙwararren direba. Wadda za ka saya a fili ta yi shekara 15 ko 20 a hannun mutum uku ko huɗu, kuma irin waɗannan motoci ba liman ke sayen su a Turai ba, masu son gudu ne. Ta sha gishirin da suke zubawa a hanya lokacin sanyi. Shokazobanta, amortisseur ɗin nan, mai yiwuwa tun na kamfani ne. Shokazoba da ya mutu ba ya hana mota tafiya, shi ya sa ba a kula shi, amma taya tana tsalle a kan kwalta maimakon ta lafe, kuma tayar da ke sama ba ta birki ba ta kwana. ESP ɗin ma da nake yabo, da taya yake aiki. In ba kamu, ba abin da zai iya. Golf GTI mai matattun shokazoba, wallahi Starlet mai lafiya ta fi ta riƙe hanya.

Taya kuma ita ce inda muka fi cutar kanmu. Mutum zai zuba miliyoyin sefa a mota, sannan ya je wurin mai faci ya ɗauko gwanjo huɗu, kowace da sunanta da shekarunta. A gefen kowace taya akwai lambobi da suka biyo bayan haruffan DOT. Huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Roba tana bushewa ko da zanen bai cinye ba. Da yawa daga gwanjon da ke shigowa kuma tayoyin hunturu ne, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinsu. An yi su ne don sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kwaltar Lome da rana tsaka laushi suke yi, mota ta riƙa yawo a kansu, birki ya ƙara nisa. Sannan ga al'adar nan ta sa sababbin taya a gaba a tura tsofaffi baya, wai ai gaba ke ja. Kamfanonin taya da kansu akasin haka suke cewa: in biyu kawai za ka iya saye, a baya za ka sa su. Dalilin shi ne wanda na faɗa tun farko. Zamewar gaba kana jin ta a sitiyari kuma kana iya gyarawa, ta baya kuwa sai dai ka ga duniya tana juyawa. Wanda ya sa tsofaffin taya a bayan Golf ya mayar da ita 205 da hannunsa, ba tare da daɗin 205 ba.

Manyan ƙafafun alminiyom ma da ake yayi, lissafi ne mai sauƙi. Taya 225/45 a kan inci 17, wadda Golf 5 GTI ke zuwa da ita, tsayin gefenta wajen santimita 10 ne. In ka koma 225/40 a kan inci 18 ya ragu zuwa 9. Golf ta talakawa mai 195/65 a kan inci 15 tana da kusan 13. Wannan robar ita ce ke shanye bakin rami kafin ya kai ga ƙarfe. GTI kuma tun daga kamfani an riga an sauke ta ƙasa da milimita 15. Wanda ya ƙara yanke sifirin don ta yi kyau a hoto, ya je ya gwada hanya ta 1 daga Terminal du Sahel zuwa Tsévié a bayan tirelolin Burkina da Nijar, inda nauyi ya tona wa kwalta kwari biyu. Faffaɗar taya mai gajeren gefe tana bin wannan kwarin kamar jirgin ƙasa, kana ja dama tana ja hagu. Ko kuma ya shigo da ita unguwa bayan ruwan sama ya ga inda cikinta zai kwana.

Abu ɗaya da zai sa in hana mutum Golf 5 GTI shi ne aljihu. Injinta mai fesa mai kai tsaye ne, yana son fetur mai kyau da baƙin mai na asali a kan lokaci. Wanda ya san da boudè na kwalba a bakin hanya zai riƙa shayar da ita, ya haƙura, ya nemi Swift ko Corolla. In ta atomatik ce mai giyar DSG, ita ma tana da man da ake sauya mata, kuma ba kowane gareji ne ya san ta ba. Wanda zai iya ɗaukar wannan nauyi, ita ce zaɓina na farko don hanyar Sokodé da Kara, har hawan Alédjo. Swift ta biyu, kuma ta farko ga sabon hannu. Clio ga wanda ya haura shekara 35 yana da wata motar ta kai yara makaranta. Civic ga wanda kunnensa ya fi bayansa daraja.

Ran da za ka je fili, ka tafi da makanikinka, ba na dillali ba. Ka danna kowace kusurwar motar da ƙarfi ka saki: ta taso sau ɗaya ta tsaya, in ta ci gaba da rawa ka san shokazoba sun tafi. Ka leƙa ko suna zubar da mai. Ka tsuguna a baya ka dubi tsayuwar tayoyin. Ka shafa cikin tayar gaba, in gefe ɗaya ya fi cinyewa akwai magana a saitin ƙafa ko motar ta taɓa cin karo. Ka kunna makulli ka tabbata fitilun ABS da ESP sun kama sannan sun mutu bayan inji ya tashi, don akwai masu cire ƙwan fitilar gaba ɗaya, wadda ba ta kama ba tun farko ita ce abin tsoro. Kuɗin taya huɗu sababbi iri ɗaya, da shokazoba huɗu, da saitin ƙafa, ka ware su gefe tun kafin ka fara tayi. In abin da ya rage bai kai kuɗin GTI ba, ka sayi Golf 1.6 ka sa mata su.